Yadda Za Ka Saita Kwamfutar Beljiyam Ta Dace da Zaman Ƙauye

Yawancin kwamfutocin da ke shigowa garuruwanmu, daga Gezawa da Ɗambatta har Ringim da Maigatari, na hannu ne. Wani ofis a Amurka ko Ingila ya gama morar su, aka loda a kwantena, suka sauka Legas, suka ƙare a teburin ɗan kasuwa a Titin Beirut ko Farm Centre. Wanda ya fara saita su yana ɗaki mai sanyi, wutarsa ba ta ɗaukewa, intanet ɗinsa ba a auna masa. Mu kuwa a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, da hunturu ƙura ta shiga ko'ina, wutar KEDCO sai ta ga dama, data kuma da kuɗinka kake saye. Kwamfutar ba ta san ta sauya gari ba. Idan ba ka sanar da ita ba, za ta ci gaba da cin data da batir yadda ta saba a can, kai kuma ka yi ta zagin wanda ya sayar maka.

Zan fi tsayawa a kan Windows domin ita ce a hannun mutane, amma inda Mac ko Linux suka bambanta zan faɗa.

## Tun kafin ka biya kuɗi

Akwai makullin da in ya biyo kwamfuta daga can, babu saitin da zai yi maka amfani. Saboda haka a gaban mai shago za ka duba. Kashe ta gaba ɗaya, ka kunna, nan take ka riƙa danna maɓallin shiga BIOS, wato shafin saitin injin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi: F10 a HP, F2 a Dell da Acer da Asus, F1 a ThinkPad ta Lenovo. Idan ta buɗe kuma ta bar ka ka sauya abu, madalla. Idan ta nemi kalmar sirri, ka ce wa mai shago ya cire yanzu ko ya ba ka wata. A sababbin laftof na ofis cire ƙaramin batirin allo, wato motherboard da ke cikin injin, ba ya goge wannan kalmar, kada wani ya ruɗe ka da cewa aikin minti biyar ne.

A Mac abin ya fi tsanani. Mai guntun tsaro na T2 ko mai firosesan Apple, wato M1 da waɗanda suka biyo bayansa tun 2020, tana iya zuwa a ɗaure da asusun tsohon mai ita. Shiga System Settings ka tabbata babu sunan wani a sama, sannan ka sa asusunka a nan shagon. Chromebook kuma, idan ta nuna rubutu cewa wata makaranta ko kamfani ke kula da ita, ajiye ta. Arharta ce ke jan mutane, amma ba ta ɗaukar Word ko CorelDRAW irin na Windows, kuma ma'ajiyarta sau da yawa gigabait 16 ne ko 32.

Sai batir. A Windows buɗe Command Prompt ka rubuta `powercfg /batteryreport`. Za ta ba ka fayil, ka buɗe shi ka nemi layi biyu: Design Capacity, wato abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da Full Charge Capacity, abin da yake ɗauka yau. In na biyun bai kai rabin na farkon ba, sa kuɗin sabon batir a cikin cinikin. A Mac, System Information sannan Power zai nuna maka Cycle Count. Apple ta ƙera batiran yawancin MacBook na zamani su kai zagaye 1000, don haka mai 900 ta kusa gama aikinta.

Duba lambar firosesa ma. A i5-6300U, lambar farko bayan layin ita ce zuriya, wato ta shida. A i5-8250U ta takwas. Wannan ya zama abin lura domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana son zuriya ta takwas zuwa sama, da guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da ram aƙalla gigabait 4. EliteBook 840 G3 da Latitude E7470 da ThinkPad T460, waɗanda suka cika kasuwa, duk zuriya ta shida ne. EliteBook 840 G5 da Latitude 7490 da T480 yawancinsu na takwas ne. Masu shago suna iya tura Windows 11 a kan tsohuwa ta bayan gida, ta kuma yi aiki, amma ka sani ba a yi maka alƙawarin sabuntawa ba.

## Cikin BIOS

Kafin ka taɓa komai a nan, ɗauki hoton kowane shafi da wayarka. Sannan a cikin Windows ka buɗe Command Prompt da ikon admin, ka rubuta `manage-bde -status`. Idan ta nuna BitLocker, wato makullin da Windows ke kulle fayilolin faifai da shi, a kunne yake, nemo lambar cetonsa mai lambobi 48 ka rubuta a takarda, ko ka dakatar da shi tukuna. Sauya wasu saituna a BIOS kan sa Windows ta nemi wannan lambar, kuma wanda ba shi da ita ya rabu da fayilolinsa ke nan.

Fara da rana da lokaci. Idan kullum ka kunna sai ka tarar agogo ya koma wata shekara ta baya, ƙaramin batirin allo ne ya mutu. A destof CR2032 ne mai bolt 3, irin na wasu agoguna da rimot ɗin mota, ana samunsa a kasuwa. A laftof yawanci an naɗe shi da leda an sa masa waya. Kada ka raina wannan. Agogo in ya kauce, burauza za ta riƙa ƙin buɗe shafin banki ko na Remita ko na makaranta tana cewa ba amintacce ba ne, kai kana zaton netwok ne.

Na biyu, abin da destof za ta yi in wuta ta dawo. Dell na kiransa AC Recovery, HP na kiransa After Power Loss. Sa shi a Power Off. Wutarmu takan zo ta ɗauke ta sake zuwa cikin minti guda, ba ka so inji ya riƙa tashi da kansa a kowane zuwa.

Na uku, ramin USB da ke ba da wuta ko kwamfuta a kashe take. A Dell USB PowerShare ne, a ThinkPad Always On USB. A gidan da laftof ce kaɗai ke da caji, kowa zai kawo wayarsa ya jona, da safe ka tarar babu komai a batir. In ba ka so, kashe shi. In kuwa da gangan kake so ta zama wurin cajin gida, bar shi, amma ka san inda cajinka ke tafiya.

Abu ɗaya da ba a taɓawa bayan an riga an sa Windows shi ne SATA Operation, inda ake zaɓar AHCI ko RAID. Sauya shi kawai zai ba ka shuɗin allo mai rubutun INACCESSIBLE BOOT DEVICE. In hakan ta faru, koma ka mayar yadda yake a hoton da ka ɗauka. Haka Secure Boot da TPM: bar su a kunne.

Yanzu maganar taƙaita caji, wadda ake yawan ba da shawara a kanta ba tare da an tambayi mutum yadda yake samun wuta ba. Batirin litiyam ya fi saurin tsufa idan kullum yana cike ɗari bisa ɗari a cikin zafi. Shi ya sa HP ta sa Battery Health Manager a BIOS, wanda in ka zaɓi Maximize my battery health zai tsayar da caji a kashi 80. Dell na da Primarily AC Use ko Custom a ƙarƙashin saitin batir, Lenovo kuma ta manhajar Vantage ake yi. Ga mai shagon buga takardu da laftof ɗinsa ke jone da sola daga safe zuwa magariba, wannan saiti ya dace ƙwarai, zai hana batir kumbura. Amma malamin firamare da ke kai laftof shagon caji ranar kasuwa, ya biya kuɗi, ya koma ƙauyen da babu fol ɗin wuta, me zai sa ya bar kashi ashirin a shago? Shi ya cika ta fal. In ka sayi kwamfuta ka ga caji ba ya wuce 80, duba nan tukuna kafin ka ce batir ya lalace.

Mac ba ta da irin wannan BIOS. Abin da ke akwai shi ne riƙe Option lokacin kunnawa a masu firosesan Intel don zaɓar inda za ta tashi, ko riƙe maɓallin kunnawa a masu M1. Saitin batirinta yana cikin System Settings, Battery.

## Abin da ya kamata a sauya da sukudireba

In kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi SSD. Tsohon faifai mai juyawa, wato HDD, yana da allura da ke yawo a kan faranti. Girgizar babur a hanyar burji da ɗaukewar wuta yana tsakiyar rubutu su ne ke kashe shi. SSD ba ta da abin da ke motsi, ba ta cin wuta kamarsa, kuma kwamfutar da ke ɗaukar minti biyu kafin ta tashi za ta koma tashi cikin daƙiƙu. Mai gigabait 256 ta ishi mai aikin takardu. Buɗe bayan kwamfutar ka gani ko mai inci 2.5 take ɗauka ko siririyar M.2, kuma a M.2 ɗin akwai SATA akwai NVMe, ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tafi da kwamfutar kasuwa a gwada a gabanka.

Ram kuma, danna Ctrl da Shift da Esc don buɗe Task Manager, ka shiga Performance, sannan Memory. A ƙasa za ka ga Slots used, ya nuna maka ramuka nawa ne kuma nawa ke cike. Gigabait 4 a yau wahala ce, 8 ita ce daidai. Kula da iri: DDR3 bolt 1.5 ce, DDR3L bolt 1.35, DDR4 kuma 1.2 da tsaga a wani wuri daban. DDR3 da DDR3L suna shiga rami ɗaya, nan ne ake yin kuskure, domin laftof irin su EliteBook 840 G1 da G2 da T460 DDR3L suke so. A jikin takardar ram za ka ga PC3L in ita ce. Tabbata kuma Windows ɗinka 64-bit ce, don 32-bit ba ta iya amfani da fiye da kusan gigabait 4 ko nawa ka sa.

MacBook tun daga masu sikirin Retina na 2012 ram ɗinsu a like yake da allo, abin da ka saya da shi za ka zauna. MacBook Pro mai inci 13 ta tsakiyar 2012, mai ramin CD, tana karɓar ƙarin ram da SSD, shi ya sa masu gyara ke son ta har yanzu. Waɗanda aka yi tsakanin 2016 da 2019 masu siririn kibod ɗin nan kuwa, ƙwayar ƙasa ɗaya kan maƙale maɓalli. A ra'ayina ba kayan ƙasar hunturu ba ne.

Duk lokacin da za ka buɗe, zare caja, ka cire batir ko ka zare wayarsa daga allo kafin ka taɓa wani abu.

## Zafi da ƙura

Firosesa in ya kusa digiri 100 yakan rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Shi ya sa laftof ke yin lafiya da safe, bayan azahar ta koma jan ƙafa a ƙarƙashin kwano. Sa ƙaramar manhaja irin Core Temp ko HWMonitor ka ga lambar da idonka. In ba ka aikin komai amma tana nuna sama da 70, akwai ƙura a maƙale.

Buɗe bayan, ka riƙe fanka da yatsa don kada ta juya, ka hura da bulowa ko ka share da busasshen buroshi. Kada ka hura da baki, akwai danshi. Ƙurar takan dunƙule tsakanin fanka da siraran ƙarafan da iska ke fita ta cikinsu, sai an ɗaga fankar ake ganinta. Yi wannan a ƙarshen hunturu, kafin bazara ta kama, lokacin ne ya fi amfani. In bayan sharewa zafin bai sauka ba, man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen jan zafi ya bushe. Goge tsohon, ka ɗiga sabo kaɗan a tsakiya, ka ɗaure sukurori bisa jerin lambobin da ke jikinsu.

Daga nan sai ɗabi'a. Katifa da darduma da cinya duk suna toshe ramukan ƙasa. Ɗora ta a kan katako ko tire, ka ɗan ɗaga bayanta. In ka kashe, rufe ta da ƙyalle.

Akwai wata dabara a Windows da ke rage zafi sosai. Shiga Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, ka nemi Processor power management. Mayar da Maximum processor state daga 100 zuwa 99. A yawancin firosesan Intel wannan kashi ɗayan yana hana Turbo Boost, wato ƙarin gudun da firosesa ke yi da kansa, tashi, sai fanka ta yi shiru, batir ya ƙara daɗewa. Mai buga takardu da Excel ba zai ji bambanci ba. Mai haɗa bidiyon biki zai ji, shi sai ya mayar 100 in zai yi aiki. MacBook Air mai M1 ba ta da fanka kwata-kwata, saboda haka ba ta zuƙar ƙura, kuma tana da Low Power Mode a saitin batir.

## Wuta

Destof ɗin da ta fito daga Amurka, kafin ka jona ta, leƙa bayanta kusa da inda waya ke shiga. Wasu na da ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutar Najeriya bolt 230 ce. In ka jona yana kan 115, ƙara ɗaya za ka ji da hayaƙi. Cajar laftof ba ta da wannan matsala, karanta jikinta za ka ga 100 zuwa 240, shi ya sa take aiki ko wuta ta yi ƙasa.

Amma cajar ta zama tata. HP da Dell yawanci bolt 19.5, Lenovo 20, kuma wat ɗin kada ya gaza abin da aka rubuta a ƙarƙashin laftof, 45 ko 65 ko 90. Dell na da wata siririyar allura a tsakiyar bakin caja da take gane asali da ita. In ta karye ko cajar jabu ce, kwamfuta za ta kunnu amma ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudu. A BIOS akwai layin AC Adapter, in ya nuna Unknown to ka gano ɓarawon. In kuma kibiyar maus na rawa da kanta duk lokacin da ka jona caja, zargi cajar ko inbata mai arha wadda wutarta ba ta fita sumul.

Da janareta, bari ya tashi ya daidaita kafin ka jona, kuma ka zare kafin a kashe. Lokacin da mai ke ƙarewa yana shessheƙa, shi ne mafi haɗari. Destof kam sai da UPS, wato akwatin batir da ke riƙe ta in wuta ta ɗauke.

A cikin Power Options danna Choose what the power buttons do. Sa rufe murfi ya zama Hibernate maimakon Sleep. Sleep na ci gaba da shan batir kaɗan-kaɗan, Hibernate kuwa na rubuta aikinka a SSD ya kashe komai, ko bayan kwana uku ka buɗe za ka tarar da shi inda ka bari. In babu shi a jerin, rubuta `powercfg /h on` a Command Prompt na admin. A shafin nan dai cire alamar Turn on fast startup. Da shi a kunne, Shut down ba ya kashe Windows gaba ɗaya, sai matsalar jiya ta kwana ta tashi da kai. Sannan rage hasken sikirin, don yana cikin manyan masu shan batir, ka kashe Bluetooth da fitilar kibod.

## Data

Nan ne kuka ya fi yawa. Mutum ya sayi gigabait biyu na MTN ko Airtel, ya kunna hotspot don tura takarda ɗaya, kafin ya ankara saƙo ya shigo data ta ƙare. Windows ce ta ɗauka ta samu intanet na ofis, ta fara sauke sabuntawa.

Da zarar ka jona, shiga Settings, Network & Internet, Wi-Fi, ka danna sunan wayar, ka kunna Metered connection. Kowace waya sai an yi mata nata, in ka jona da ta ƙaninka sai ka sake. In da kebul ka haɗa waya da kwamfuta, Windows na ɗaukarsa a matsayin Ethernet, don haka a ƙarƙashin Ethernet za ka kunna. Bayan haka je Windows Update ka nemi Delivery Optimization, ka kashe Allow downloads from other PCs, ko ka taƙaita shi ga na'urorin da ke cikin shagonka. Akwai kuma Pause updates da ke dakatarwa har mako biyar. Buɗe Microsoft Store ka kashe sabunta manhajoji da kansu. OneDrive, in ba ka amfani da shi, cire shi daga jerin Startup a Task Manager, tare da Teams da Skype da sauran kayan ofishin da suka biyo ta.

Ban yarda da masu kashe sabuntawa har abada ba, musamman a kwamfutar da fulash ɗin jama'a ke shiga. Zaɓi dare ɗaya a wata, ka sayi datar dare mai arha, ko ka bari sai ka shiga Dutse ko Kano inda netwok ke da ƙarfi, ka sake ta ta sha.

A Mac, System Settings, Wi-Fi, Details, ka kunna Low Data Mode, sannan a Software Update ka kashe saukewa ta atomatik. Kula da iCloud Photos, shi ma maci ne. Linux Mint ba ta sa sabuntawa sai ka ce ta sa, wannan na cikin abin da ya sa take da daɗin zama a ƙauye.

## Kibod, takarda da rubutun Hausa

In ka danna Shift da 2 ka ga alamar zance maimakon @, kibod ɗin an saita shi a na Ingila ne. In A na fitowa a wurin Q, na Faransa ne ko Beljiyam. In Y da Z sun yi musaya, na Jamus ne. Ba lalacewa ba ce. Settings, Time & Language, Language, ka ƙara English United States ko wanda ya dace da zanen da ke kan maɓallanka, ka goge sauran. Maɓallin Windows da Space ke sauyawa tsakaninsu.

A wurin dai ka mayar da Region zuwa Nigeria, lokaci kuma West Central Africa, UTC+01:00. In ka bar ta a Amurka, Excel zai karanta 03/04 a matsayin 4 ga Maris, alhali kai 3 ga Afrilu kake nufi. Ka yi tunanin wannan a jerin ranakun haihuwar ɗalibai. Takardarsu ma daban ce: Letter ta fi A4 faɗi kaɗan amma ta fi ta gajarta, A4 kuwa milimita 210 ce da 297. Sauya a wuri biyu, a Word ƙarƙashin Layout da Size ka sa ya zama na dindindin, da kuma a Printing preferences na firinta. In ba haka ba layin ƙarshe zai riƙa tsallakawa wani shafi kana asarar takarda.

Haruffa masu lanƙwasa ba sa buƙatar wata wahala. Windows na da kibod ɗin Hausa a cikin jerin harsuna, ƙara shi, ka buɗe On-Screen Keyboard ka ga inda kowane harafi yake. Akwai kuma Keyman, kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux. In kana kwamfutar wani ba ka son sa komai, a Word rubuta U+0199 ka danna Alt da X, zai zama ƙ. Na ɗ 0257 ne, na ɓ 0253. Manyansu: Ƙ 0198, Ɗ 018A, Ɓ 0181. Alamar naira 20A6. Kada ka manta da sa U+ ɗin in kana tsakiyar kalma, domin in harafin da ke kafin lambar a ne ko d ko wani daga a zuwa f, Word zai haɗa shi cikin lambar ya fito da wani abu daban. A Linux, Ctrl da Shift da U, sai lambar, sai Enter. A Mac ƙara kibod mai suna Unicode Hex Input, ka riƙe Option ka buga lambobin huɗu. Mai yawan rubutu ya shiga AutoCorrect na Word ya koya masa gajerun hanyoyi sau ɗaya ya huta. In harafi ya fito da wata siffa daban da 'yan'uwansa, font ɗin ne ba shi da shi, koma Charis SIL ko Andika ko Noto Sans. Kuma in za ka kai wani shago a buga, mayar da ita PDF tukuna.

## Fulash ɗin jama'a

Bairos ɗin da ke mayar da fayiloli gajerun hanyoyi ya zaga kusan kowane shagon buga takardu. Kashe AutoPlay a Settings. A File Explorer kunna File name extensions, don ka gane fayil mai suna kamar takarda amma ƙarshensa exe ko vbs ko lnk. In an kawo fulash da ya kamu, kada ka danna gajerun hanyoyin. Bar Windows Security ya bincika shi, sannan a Command Prompt ka rubuta `attrib -h -r -s /s /d E:\*.*` kana sauya E da harafin fulash ɗin. Fayilolin da aka ɓoye za su bayyana.

Yaron shago da yaran gida ka buɗe musu asusu na Standard, kai ka riƙe na admin da kalmar sirri. Kuma kada ka tara manhajojin kashe bairos biyu ko uku da wa'adinsu ya ƙare, nauyi kawai suke ƙarawa. Wanda ya zo da Windows ya isa in yana samun sabuntawa.

Fulash ɗin da zai riƙa yawo tsakanin Windows da Mac da Linux, yi masa fomat a exFAT. Mac na karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai, FAT32 kuma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4.

## In kwamfutar ta tsufa da Windows

Mai Core 2 Duo ko zuriya ta biyu da ta uku, da ram gigabait 2 ko 4, Linux Mint mai Xfce ko Lubuntu za su farfaɗo da ita. Sauke fayil ɗin, na Mint kusan gigabait uku ne, ka sa shi a fulash mai gigabait 8 da manhajar Rufus, ka tashe ta daga fulash ɗin: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo. Za ta buɗe ba tare da ta taɓa abin da ke ciki ba. Gwada Wi-Fi da sauti da firinta a nan kafin ka danna Install. In Wi-Fi bai fito ba, sau da yawa katin Broadcom ne, jona waya da kebul ka buɗe Driver Manager ya sauko da abin da ake buƙata. Don batir, `sudo apt install tlp`, kuma a ThinkPad ta cikinsa ake taƙaita caji.

Ga ɗalibi ko malamin islamiyya mai buga darasi da jarrabawa, LibreOffice ya wadatar, kuma bairos ɗin fulash na Windows ba ya tashi a can. Amma injin da ke ciyar da shago, mai CorelDRAW ko na'urar ɗaukar zanen yatsa, bar shi a Windows, manhajojinsu don ita aka yi. In ka haɗa su biyu a kwamfuta ɗaya za ka ga agogon Windows na komawa baya da awa guda duk sanda ka fito daga Linux, saboda Linux na ajiye lokacin UTC a allo, mu kuma muna gabansa da awa ɗaya. A Linux rubuta `timedatectl set-local-rtc 1`, ka koma Windows ka gyara agogo sau ɗaya.

Bayan ka gama duk saitin Windows, rubuta Create a restore point a wurin nema, ka kunna kariya a kan C, ka danna Create ka sa masa ranar yau. A Mint aikin Timeshift ne, a Mac kuma Time Machine da faifan waje. Wurin komawa na Windows saiti da manhajoji kawai yake dawo da su, ba ya dawo da takardun da aka goge, don haka su sai ka kwafa a faifan waje ko wani fulash da ba ya shiga hannun kwastoma, ka ajiye shi a wani ɗaki daban da na kwamfutar.